Sawu Ɗaya a Ɗakin Hoto

Na'urar hoton ciki ta ɓace daga asibitin ne a safiyar da aka ce akwai abu a hantar matata.

Muna zaune gaban babbar likita, ta juyo mana da fuskar kwamfutarta tana nuna wasu hotuna baƙi-baƙi da toka-toka. Ni dai kamar hadari nake gani.

"Baba, waɗannan na farkon lafiya lau suke," ta ce. "Amma na ƙarshen nan, ga wani dunƙule a hanta. Ba na son kamanninsa."

"Ƙari ne ke nan?" in ji matata. Ita ba ta san kwana-kwana ba.

"Ban ce ba tukuna, Mama. Hotunan ba su yi baki ɗaya ba. Wani lokaci abu yakan ɓuya ta nan ya bayyana ta can. So nake in sake dubawa da hannuna, yanzu."

Ta aiki nas ta ce a turo na'urar. Muka zauna jira. Tsohuwa, haka nake kiran matata tun kafin ta tsufa, ta ƙura wa dunƙulen ido kamar baƙon da ya shigo mata gida ba sallama. Nas ta dawo da gudu-gudu, ta tsaya bakin ƙofa.

"Likita, babu na'urar. Ɗakin a kulle yake, amma babu ita."

Likita ta miƙe tsaye. Na tambaye ta in ba a same ta ba fa? Ta ce ita kaɗai ce a asibitin, sai dai ta tura mu babban asibitin da ke nesa, mu shiga layi, can kuma mai yiwuwa su sa allura su ɗebo tsokar hanta su auna.

Tsohuwa ta cire zoben hannunta ta miƙo mini. "Riƙe wa auta," ta ce.

Tun da na aure ta ban taɓa ganin yatsan nan ba zobe ba.

*

Kafin mu isa ɗakin hoto, baranda ta cika. Akwai masu juna biyu da aka sa suka sha ruwa suka riƙe fitsari tun safe, suna ta musayar ƙafa. Akwai waɗanda aka hana karin kumallo, yunwa ta sa musu baki. Kowa ya riga ya san ɓarawon.

"Mai shara ce! Ba ita ke da makulli ba?"

"Surukinta ma kayan gwanjo yake sayarwa."

"Ku dai ku samo ta kafin marata ta fashe," in ji wata mai tsohon ciki.

Mai sharar na tsugune jikin bango, hannu biyu a ka. Shugaban masu gadi na tsaye a kanta, wani tsohon ɗan sanda da har yanzu ake kira Sajan. Da ya hango ni sai ya ware ido.

"Baba Mai Sawu! Ashe kana da rai?"

"Rabi-rabi, Sajan."

Mun san juna tun zamanin da nake bin sawun dabbobin sata, shi kuma yana bin bayana da bindiga yana haki. Sana'ata ke nan tun ina saurayi, duba ƙasa in faɗi wanda ya wuce. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ne kawai ya rage.

Sajan ya ce da Likita, "Ranki ya daɗe, ki bar dattijon nan ya leƙa. Ya taɓa gane ɓarawo da sawun sandarsa."

Likita ta dube ni, ta dubi Tsohuwa da ke zaune kan benci ba zobe. "Shiga, Baba. Abin da kake so a yi maka, faɗi."

"A hana kowa shiga. Kuma a rufe labule, a ba ni tocila."

*

Ɗakin ƙarami ne. Gado a jikin bango, kujera mai juyawa, kwandon shara, sai filin da na'urar ke tsayawa kusa da soket. Masu neman na'urar sun tattake bakin ƙofa, amma ciki bai ɓaci ba.

Tayil ba ƙasa ba ce, amma ita ma tana magana in an goge ta da ruwan sabulu aka taka kafin ta bushe. Na durƙusa da ƙyar, na kwantar da kuncina, na haska tocilar a kwance. Sai sawun ya taso.

Takalmin roba ne irin wanda yawancin ma'aikatan ke sawa, don haka zanen tafinsa bai gaya mini komai ba. Tafiyar ce ta yi magana. Ƙafar hagu tana miƙa taku cikakke, ta dama tana gajarta shi, tana danne gefen waje. Mai wannan tafiya yana lallaɓa ɓarinsa na dama.

Sawun ya shigo, ya je wajen na'urar. Tayoyinta suka bar layi, ɗaya da ɗan tabo kamar an yanke ta. Amma ba ƙofa suka nufa ba. An jawo na'urar har kan gado, dab da matashi, an karkata fuskarta wajen mai kwanciya. A nan akwai ɗan gogen baƙi a tayil inda aka taka birki. A gefen gadon kuma takalma biyu sun tsaya a jere, sawunsu ya fi sauran fitowa, alamar an cire su an bar su sun jima. Daga nan ne tayoyin suka juya suka fita.

Na leƙa kwandon shara. Takardar goge hannu ce guda, ta daskare da man nan mai sanyi da suke shafa wa mutum a ciki kafin su ɗora kan na'urar.

Na zauna a ƙasa ina tunani. Ɓarawo sauri yake yi. Wane ɓarawo ne zai cire takalmi ya huta? Ban gane ba, kuma raina bai bar ni na natsu ba, don kowane layi na bi sai in ga dunƙulen nan a ƙarshensa.

*

Na fara da mai shara. Na tsuguna kusa da ita don kada ta ɗaga kai tana kallona kamar alƙali.

"'Yata, yaushe kika goge ɗakin?"

"Jiya da yamma, Baba, bayan matarka ta fita. Ita ce ta ƙarshe. Wallahi ko allura ban taɓa ɗauka ba a asibitin nan."

"Ban ce kin ɗauka ba. Kin zubar da kwandon?"

"Na zubar. Na canja zanen gado, na goge ƙasa da baya-da-baya har ƙofa, na kulle."

"Na'urar tana nan?"

"Tana nan, a jone da wuta. Ni tsoronta ma nake ji. Mai hoto ya ce in ruwa ya taɓa ta, ni da ita za a kai gyara."

"Wa ke da makulli ban da ke?"

"Likita, da mai hoto, da Injiniya mai gyara."

Na ce ta miƙe ta kawo mini ruwa. Ba ƙishi nake ji ba. Ta tafi tana jan ƙafa biyu daidai, tafiyar wadda ta gaji, ba ta mai ciwo ba, kuma ƙafarta ba ta kai sawun girma ba.

Mai hoton yana zaune kan kujera a ƙarshen baranda. Dattijo ne mai sanyin murya, duk asibitin Ja-Numfashi suke ce masa, saboda abin da yake gaya wa kowa ke nan in ya ɗora kan na'urar: ja numfashi, riƙe. Jiya da ya gama da Tsohuwa na tare shi a ƙofa na yi ta roƙo ya gaya mini abin da ya gani. Ya ce, "Baba, bakin mai hoto a ɗinke yake. Mu ɗauka ne namu, faɗi na Likita ne. Ko uwata ce a gadon nan ba zan ce komai ba." Har na ji haushinsa.

Yau bai tashi ba da na zo. Ya ce ya gama da matata, ya bar wa mai shara ɗakin, ya tafi gida.

"Kun daɗe tare da na'urar?"

"Ita sabuwa ce. Ɗakin ne muka tsufa tare." Yana magana yana kallon bencin da Tsohuwa take.

Na ɗauka tausayi ne.

*

Sajan ya zo yana murna. "Baba, an gama! Ga sawun taya har ƙofar baya. Fitar da ita aka yi."

Muka bi. Sawu ne kuwa, ɓaro-ɓaro cikin laimar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Na auna tsakanin tayoyin da sandata. Sun fi na ɗakin faɗi, kuma babu mai tabo.

"Amalanken masu wanki ne, Sajan."

"Kai! Da har na sa a tsare surukin mai shara."

"Sake shi ya je ya ci kasuwarsa."

Mai gadin ƙofar baya ya rantse babu abin da ya fita jiya sai kayan wanki. Nas-nas ɗin yamma ma duk bakinsu ɗaya: ba su ga baƙo ba, ba su ga wani abin mamaki ba. Na riƙe wannan maganar a raina. Abu mai girman firji ba ya ratsa baranda da yamma ba a gan shi ba, sai fa in wanda ke tura shi kullum shi ke turawa.

Sai Injiniya. Shi mutane suka koma zargi da aka ji ya taɓa cewa zai kwashe na'urar ya kai shagonsa. Na same shi a ɗan ɗakinsa cikin wayoyi, yana cika yana batsewa.

"Na faɗa, Baba, ban musa ba! Don ba sa kula da ita ne. Batirinta in ya mutu murus ya tashi aiki. Kullum ina cewa a jona ta da wuta, a taka birki in an ajiye. Kamar da bango nake magana. Mutum ɗaya ne ke jin maganata a asibitin nan, mai hoto."

"In an sata, za ta sayu?"

"Wa zai saya? Tana da lamba, kuma duk hoton da aka ɗauka yana cikinta da sunan mai shi. Ba ya goguwa sai da izinin Likita. Ni kaina ban isa ba."

"To ya Likita ta ga na matata, alhali na'urar ta ɓace?"

Ya ɗan saki fuska, an taɓo inda yake so. "Aikina ne wannan. Kwanan nan na haɗa su. Da an ɗauka, hoton zai tafi kwamfutarta da kansa, ba sai an kai mata ba. Ban ma gama yi wa ma'aikata bayani ba."

Ya rako ni ƙofa. Tafiyarsa ta mai gaggawa ce, kan yatsu. Ba shi ba ne.

*

Na koma wajen Tsohuwa. Rana ta take, masu juna biyu sun haƙura sun tafi banɗaki, ita tana nan inda na bar ta. Abincin da na sayo mata yana gefe ba ta buɗe ba.

"Keken ɗinkina na babbar 'yarka ne," ta ce. "Kada ka bari ƙanwarka ta sa masa ido."

"Tsohuwa, bari wannan magana."

"Kai kuma maganin hawan jininka yana cikin gwangwanin da ke bayan madubi. Na san ko shekara za ka yi ba za ka gan shi ba. Mai bin sawu, amma hularsa sai an nemo masa."

Na zauna. Na sa hannu cikin aljihu, sai ya ci karo da zoben.

"Mutanen nan ma ba su san abin da suke yi ba," ta ci gaba. "Likita ta ce akwai abu, wancan kuma ya zo yana rantse-rantse babu."

"Wane wancan?"

"Mai hoton. Ya zo ya kawo mini ruwa, ya tafi, ya sake dawowa. Ya durƙusa nan ya ce, 'Mama, na rantse da wanda ya halicce ni ba ki da komai, ki ci abinci.' Na ce masa, ɗan nan, jiya mijina ya roƙe ka kamar zai yi kuka ka ce bakinka a ɗinke yake, yau wa ya farke maka shi?"

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Ya dafa benci ya miƙe da ƙyar. Shi ma da ganin idonsa ba lafiya gare shi ba, ya yi ɗorawa-ɗorawa."

Sai abin ya haɗu a kaina. Mutumin da ko uwarsa ba zai gaya wa ba. Takalma a jere gefen gado. Fuskar na'ura a karkace wajen matashi.

Ban gaya mata abin da nake zato ba. In na sa mata rai ya zamana ba haka ba ne, na kashe ta sau biyu.

*

Na bar ƙofar baya, na bi ɗaya hanyar, wadda ake bi da na'urar in za a kai ta ga marasa lafiyar da ba sa iya tashi. An tattake barandar, amma a kwanar da ta nufi tsohon gini akwai ƙura a gefe, kuma ga tayar nan mai tabo ta ratsa ta. Kusa da ita, dama gajere, hagu cikakke. A tsakiyar hanya sawun ya tsaya, ga gogen birki, ga tafin hannu a jikin bango. Ya huta a nan.

Layin ya ƙare a wani ɗaki da ake tara karyayyun gadaje. Sajan ya tura ƙofar da kafaɗa.

Tana can ƙurya bayan tsofaffin katifu. An lulluɓe ta da farin zane mai tsabta. An naɗe wayarta an rataye a maƙalinta, an goge kanta tas, an taka birki. Wata 'yar fitila koriya tana ƙiftawa ta ƙarƙashin zanen. Wanda ya ɓoye ta sai da ya ture katifu ya nemo soket ya jona ta da wuta.

"Ikon Allah," in ji Sajan. "Ɓarawo mai ladabi."

"Je ka gaya wa Likita ta zo. Ka kira masu makulli duka. Amma ka fara turo mini mai shara da bokitinta."

*

Na sa ta goge barandar da ke gaban ɗakin da ruwa, sannan ta tsaya gefe. Likita ta iso ta taka ta wuce, takalminta mai tsini. Injiniya ya biyo kan yatsu, yana ganin fitilar koriya ya ce, "Alhamdu lillahi, batirin!" Ja-Numfashi ne ƙarshe. Ya tsaya a bakin laimar ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya tako. Hagu cikakke, dama gajere.

Tsohuwa ma ta biyo mu, ba wanda ya kira ta. Ta zauna kan wata karyayyar kujera.

Likita ta ce, "Baba, na'ura ta samu, na gode. Bari in duba Mama tukuna, maganar ɓarawo ta jira."

"Ranki ya daɗe, ina ganin maganar ɗaya ce. Ni ban iya karanta hotonku ba, ƙasa kawai na iya. Bari in faɗi abin da ta ce, ke ki auna da naki."

Ta gyaɗa kai.

"Bayan yarinyar nan ta goge ɗaki ta kulle, mutum ya shiga tun ƙasa ba ta bushe ba. Ya jawo na'urar kan gado, ya juyo da fuskarta wajen matashi, ya cire takalmi ya hau. An yi amfani da man shafawa, ga takardar a kwando. Aikin nan na mutum biyu ne, mai ɗauka da wanda ake ɗauka. Amma sawu ɗaya ne ya shiga, sawu ɗaya ya fita."

Likita ta dube ni. Sai ta zaro wayarta ta buɗe hotunan, ta matso da su kusa da ido.

"Lokacin da ke jikin na ƙarshen nan ya wuce lokacin tashi," ta ce a hankali. "Kuma a karkace suke, kamar hannun ya fito ta inda bai kamata ba. Tun safe abin ke damuna. Kaurin jikin ma ba ɗaya ba ne." Ta ɗago. "Sunan Mama ne ya rage a kan na'urar, don ita ce ta ƙarshe. Wanda ya hau gadon bai canja suna ba."

Ba wanda ya kalli kowa. Ni laimar da ke ƙofa nake kallo, sawun yana bushewa.

"Ni ne," in ji Ja-Numfashi.

Ya jingina da bango, hannunsa ya tafi ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, wurin da ya daɗe yana hana shi zuwa a gaban mutane.

"Na jima ina jin abin. Na ce bari in leƙa ni kaɗai, ba wanda zai sani. Da na gani, hannuna ya danna ajiyewa da kansa, kamar yadda ya saba. Sai da na sauko na ga sunanta a sama. Na yi ta ƙoƙarin gogewa ya ƙi. Na ce in ɓoye ta kafin ki gani, in samu dabara. Ban san hoton ya riga ya tafi wajenki ba."

"Da safe fa?" Muryar Likita ta yi kauri. "Da ka ji abin da na gaya wa matar nan? Kana zaune ana zagin wannan baiwar Allah a baranda?"

"Na tashi zan zo wajenki ya fi a ƙirga. Likita, na san abin nan. Na sha ganinsa a cikin mutane, in ce su ja numfashi, in yi musu murmushi, in san abin da ke jiransu. In na faɗa da bakina, ya tabbata ke nan."

Mai shara ta fashe da kuka, ban sani ba ko na sauƙi ne ko na tausayi. Sajan ya dube ni, ya mayar da ankwar da ya fito da ita aljihu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ni kuwa ban ji sanyi ba tukuna. Na sha ganin sawu ya faɗi gaskiya amma dabbar ta riga ta mutu.

"Ranki ya daɗe," na ce, "duba mini ita."

*

Aka mayar da na'urar ɗakinta. Tsohuwa ta hau gado, Likita ta shafa mata man, ta ɗora kan na'urar. Ina tsaye a ƙofa na riƙe zoben har ya shiga naman hannuna. Likita ta bi ta nan, ta bi ta can, ta sa ta juya, ta sake bi. Na ji kamar an shekara.

Sannan ta ajiye.

"Mama, hantarki ta fi tawa kyau. Iska ce ke damunki da yawan yaji."

Na zauna a ƙasa inda na durƙusa da safe. Tsohuwa ta goge cikinta, ta sauko, ta miƙo mini hannu ba tare da ta kalle ni ba.

"Ba ni kayana. Ka ga mutum har ya fara sabawa da shi."

Na sa mata zoben. Sai da na gwada sau da yawa kafin ya shiga.

Likita ta canja zanen gadon da kanta, ta goge sunan matata daga na'urar, ta rubuta wani. Ta leƙa baranda inda Ja-Numfashi yake.

"Shigo. Maganar abin da ka yi tana nan, za mu yi ta, kuma mai shara za ka fara ba haƙuri. Amma hoton da mutum ya ɗauki kansa a karkace ba hoto ba ne. Ba kowane dunƙule ne abin da kake tsoro ba, kai ma ka sani. Hau in gani."

Ya tsaya a ƙofa kamar yaron da aka kawo allura. Sannan ya cire takalmansa, ya jera su gefen gado, daidai inda na ga sawunsu. Ya kwanta ya ɗaga riga. Bel ɗinsa duk sababbin huji ne saboda rama.

Na kama hannun Tsohuwa mu fita, ta fizge.

"Ina za mu? Yana da wani a nan ne?"

Ta jawo kujerar nan mai juyawa, ta zauna wajen kansa. "Ka sa na raba kayan gadona tun ina da rai," ta ce masa. "Saura kaɗan ƙanwar mijina ta gaji kekena. Wannan ba zan yafe ba sai ka warke."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Likita ta ɗora kan na'urar. Ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri-sauri, hoton ya ƙi tsayawa. Ta jira, ta sake gwadawa, ya ƙi.

Tsohuwa ta ɗora tafin hannunta a goshinsa.

"Ja numfashi, ɗan nan," ta ce. "Riƙe."

Ya riƙe. Na ja musu ƙofar, na fita in nemo mata abinci mai zafi.